Ruwa a cikin mai ciwon hanta: a ninka maganin fitsari, ko a hana shi shan ruwa?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifina yana da shekara 58, an ce hantarsa ta taurare sakamakon ciwon hanta nau'in B da ya daɗe a jikinsa bai sani ba. Cikinsa ya cika da ruwa, ƙafafunsa ma sun kumbura. An sa shi a kan spironolactone miligiram 100 da Lasix miligiram 40 kullum da safe, yau kusan sati biyu ke nan, amma cikin bai ragu sosai ba. Wani ɗan'uwanmu ya ce a ninka Lasix ɗin ko a yi masa allurarsa, tunda shi ne mai sa fitsari da yawa. Wani kuma ya ce a hana shi shan ruwa. Don Allah wanne ne daidai? Kuma babu wani magani da ya fi waɗannan ƙarfi? Ni 'yarsa ce, ni ke jinyarsa."

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba Baba lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi. Abin da kike son sani dai shi ne ko jinkirin saukar cikin yana nufin maganin ya yi kaɗan, kuma idan haka ne, ta wace hanya za a hanzarta shi. Tun farko bari in faɗa miki: shawarar 'yan'uwan nan biyu duka kada a bi ta. Mai yiwuwa ne Baba na bukatar ƙarin magani, sati biyu ya isa a sake dubawa, amma ƙarin yana da tsarinsa, kuma sai an ga sakamakon gwajin jini ake yin sa. Dalilin haka yana cikin yadda ruwan ke taruwa tun asali.

Daga ina ruwan yake fitowa

Jinin da ke tasowa daga hanji da saifa yana bi ta wata babbar jijiya, wadda muke kira jijiyar fotal, ya ratsa hanta kafin ya koma zuciya. Idan hanta ta yi tabo ta taurare, sai hanyar ta matse, jinin ya rinƙa dannewa a baya, ruwa ya fara tsattsafowa daga hanta da jikin hanji yana zuba a kogon ciki. Hantar kuma ta rage sarrafa albumin, furotin ɗin da ke riƙe ruwa a cikin jijiya. Wannan rabin labarin ne, kuma shi ne wanda kowa ke saurin ganewa.

Ɗaya rabin shi ya fi shafar magani. Matsewar nan tana sa jijiyoyin da ke kewaye da hanji su buɗe fiye da ƙima, jini mai yawa ya tafi ya zauna a can. Sai ƙoda ta ga jinin da ke iso mata ya ragu, ta ɗauka jiki na cikin ƙarancin ruwa. Nan take jiki zai tada sinadaran da yake amfani da su lokacin ƙishirwa ko zubar jini, babbansu aldosteron, wanda aikinsa shi ne ya umarci ƙoda ta riƙe gishiri. Inda gishiri ya tsaya kuwa, ruwa na nan tare da shi. To ga mutum cikinsa ɗauke da lita biyar ko goma na ruwa, amma ƙodarsa tana aiki kamar ta wanda ya kwana uku bai sha ba. Duk wanda zai ba irin wannan mara lafiyar magani dole ya riƙe wannan a ransa: cikin ne ya cika, jijiyoyin jinin ba su cika ba.

Kusan rabin masu taurin hanta suna samun wannan ruwan cikin shekara 10 da gano ciwon. Sai dai ba kowane ruwan ciki ne daga hanta ba, ko ga wanda aka san yana da ciwon hanta. Tarin fuka na ciki, ciwon daji da ciwon zuciya duk suna kawo shi. Shi ya sa a karon farko ake tsira siririyar allura a ɗebi ɗan ruwan a auna. Idan albumin na jini ya ɗara na ruwan cikin da 1.1 ko fiye, matsewar jijiyar fotal ce, kuma maganin fitsari zai yi aiki. Idan bai kai haka ba, galibi maganin fitsari wahalar da ƙoda kawai zai yi. Ki tambaya ko an yi wa Baba wannan gwajin. Idan ba a yi ba, ya dace a yi.

Wanne ne babban maganin a cikin biyun

Mutane da yawa suna ɗauka Lasix, wato furosemide, shi ne mai ƙarfin, domin ana shansa cikin awa ɗaya mutum ya fara zirga-zirga zuwa banɗaki. Spironolactone kuwa shiru za a ji, sai a raina shi. A ciwon hanta abin a juye yake. Furosemide yana hana ƙoda tsotse gishiri a wani sashe na tsakiyar bututunta, amma gishirin da ya kuɓuta daga nan sai ya tarar da aldosteron na jiransa a ƙarshen bututun, ya sake mayar da shi jiki. Spironolactone shi ne ke toshe aldosteron ɗin kansa. Tun 1983 wani bincike da aka yi a Basalona ta ƙasar Sifen ya gwada su ɗaya bayan ɗaya a kan masu taurin hanta: kusan duk waɗanda aka ba spironolactone sun samu sauƙi, a ɓangaren furosemide kuwa kimanin rabi ne kawai. Har yau a kan wannan ake tafiya. Spironolactone ne ginshiƙi, furosemide mataimaki ne.

Abin da aka rubuta wa Baba, 100 da 40 sau ɗaya da safe, shi ne matakin farko da ƙa'idojin likitocin hanta na Turai na 2018 da na Amurka na 2021 suka san da shi. Wasu likitocin sukan fara da spironolactone shi kaɗai idan karon farko ne, wasu su haɗa biyun tun daga farko, musamman ga wanda ruwan ya daɗe ko ya dawo. Haɗin yana da wata hikima: spironolactone na tara wani sinadari mai suna fotasiyam a jini, furosemide na zubar da shi, to a ma'aunin 100 da 40 sai su daidaita juna. Idan za a ƙara, tare ake hawa: 200 da 80, sannan 300 da 120, iyaka 400 da 160. Ba a hawa mataki sai an bar aƙalla kwana uku, domin spironolactone na ɗaukar kwana uku zuwa biyar kafin aikinsa ya bayyana. Wanda ya ninka Lasix shi kaɗai ya karya wannan ma'aunin, fotasiyam ya faɗi, faɗuwar fotasiyam kuma na ƙara yawan amoniya, wani sinadari mai guba da ƙoda ke sakewa cikin jini, abin da ke rikita ƙwaƙwalwar mai ciwon hanta.

Allurar furosemide ta jijiya kuwa ba ma son ta a wannan ciwon sai da dalili mai ƙarfi a asibiti. Tana zuƙe ruwa daga jini farat ɗaya, aikin tace jini na ƙoda ya faɗi. Ƙwayar da ake haɗiya tana shiga jiki yadda ya kamata a masu ciwon hanta, don haka babu abin da allurar za ta ƙara sai haɗari.

Me ya sa ba a gaggawa

Maganin fitsari ba ya taɓa ruwan da ke cikin ciki. Daga jini yake ɗiba. Bayan jinin ya ragu ne ruwan cikin ke komawa jijiya a hankali ya cike gurbin, kuma fatar da ta lulluɓe kogon ciki ba ta iya mayar da fiye da abin da bai kai lita ɗaya ba a yini. Kamar rijiya ce mai ƙaramin ido: idan aka yi ta jan guga fiye da yadda ruwan ke ɓuɓɓugowa, ƙafewa za ta yi. A nan idan ta ƙafe, ƙoda ce ke biyan bashin, kuma ciwon ƙoda a kan taurin hanta yana daga cikin abubuwan da muka fi tsoro.

Saboda haka aka sa iyaka. Wanda ba shi da kumburin ƙafa kada ya rage fiye da rabin kilo a rana. Wanda ƙafafunsa suka kumbura, kamar Baba, zai iya kai kilo ɗaya, domin ruwan ƙafa yana komawa jini da sauƙi. Amma ranar da ƙafafun suka saɓe, sai a koma rabin kilo, sau da yawa ma a rage maganin. Wannan gaɓar ce na fi ganin ana tuntuɓe a kanta: ƙafa ta koma daidai, iyali na murna, ana ci gaba da maganin yadda yake, bayan kwanaki a kawo mutum a galabaice, bakinsa a bushe, idanu sun faɗa, cikin kuma yana nan da saura.

Kin ce cikin bai ragu sosai ba. Ido ba ya iya auna wannan. Ki samo sikeli, ki rinƙa auna shi kowace safiya bayan ya yi fitsari, kafin ya ci komai, da kaya iri ɗaya, ki rubuta a takarda da kwanan wata. Ni a wurina takardar nan ta fi bayanin baki amfani nesa ba kusa ba. Idan na ga mutum ya sauka daga kilo 74 zuwa 71 cikin mako, na san maganin na aiki ko da cikin bai nuna ba, domin sau da yawa ruwan ƙafa da na cinya ke fara tafiya. Idan abin da ya ragu bai kai kilo biyu a mako ba, to akwai dalilin ƙara magani, bayan an duba sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri), fotasiyam da kiriyatinin a jini, wanda shi ke nuna lafiyar ƙoda. A makonnin farko ana yawan maimaita waɗannan gwaje-gwajen. Idan tun da aka fara maganin ba a yi masa ba, kada ki jira ranar da aka ba ku, ki koma da shi.

Hana ruwa da rage gishiri

Ɗan'uwan da ya ce a hana shi ruwa ya yi tunanin da kowa zai yi, amma gishiri ne ke riƙe ruwan, ba shan ruwa ba. Mutumin da ke kan maganin fitsari idan aka ƙara masa da ƙishirwa, ƙodarsa ake turawa ga lalacewa. Ana taƙaita ruwa ne kawai idan sodiyam na jini ya faɗi ƙasa da 125, shi ma likita ne zai faɗa. In ba haka ba, Baba ya sha gwargwadon ƙishinsa.

Gishirin da ake so kada ya wuce shi ne giram 5 zuwa 6 a yini, kimanin ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye a cikin sinadaran ɗanɗano, abincin gwangwani da duk abin da aka adana da gishiri. Yawancin waɗanda ake cewa magani ya ƙi su, idan aka bincika, gishirin ne bai ragu ba. Akwai gwaji mai sauƙi da ke raba gardama: a auna sodiyam da fotasiyam a fitsari. Idan sodiyam ya fi yawa amma nauyi bai sauka ba, maganin na aiki, gishirin da ke shiga ne ya fi wanda ke fita. Idan fotasiyam ya fi yawa, maganin ne bai isa ba.

Amma kada a wuce gona da iri. Na ga iyalan da suka cire gishiri kwata-kwata har mara lafiya ya ƙi abinci, ya rame, tsokar kafaɗa da ta cinya ta zube. Ramar nan ta fi ɗan gishirin illa. Mai taurin hanta na bukatar furotin sosai, giram 1.2 zuwa 1.5 a kan kowane kilo na nauyinsa, da ɗan abin da zai ci kafin barci. Sannan ki guji gishirin da ake sayarwa da sunan na masu hawan jini, domin fotasiyam ne a cikinsa, haɗa shi da spironolactone kuwa na iya tsayar da zuciya.

Abubuwan da za ki sa wa ido

Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac suna rufe ɗan jinin da ya rage wa ƙoda, su kashe aikin maganin fitsari, su kuma iya jawo zubar jini a ciki. Kada ya sha su ko sau ɗaya. Idan ciwo ya dame shi, paracetamol ya fi aminci matuƙar bai wuce giram 2 a yini ba. Magungunan hawan jini irin su lisinopril da losartan, da allurar gentamicin, su ma ba su dace da mai ruwan ciki ba. Haka duk wani haɗin ganye ko saiwa da ba a san abin da ke cikinsa ba, hantar da ta rage ba ta da ƙarfin gwaji. Giya kuwa ko ɗigo.

Shi kansa maganin yana da nasa matsalolin. Spironolactone kan sa nonon namiji ya kumbura ya yi zafi, maza da yawa kuma kunya ke sa su daina sha a ɓoye ba su faɗa ba. Ki sa wani namiji a gidan ya tambaye shi. Idan hakan ta faru ana iya canza masa zuwa amiloride, ko da yake bai kai spironolactone ƙarfi ba. Ɗaurewar tsokar ƙafa da dare ita ma tana yawa, wani lokaci rage magani ke warware ta, wani lokaci a ba da maganin sassauta tsoka mai suna baclofen kaɗan. Likita zai dakatar da spironolactone idan fotasiyam ya haura 6, furosemide idan ya faɗi ƙasa da 3, duka biyun kuma idan sodiyam ya yi ƙasa da 125 ko ƙoda ta fara gazawa.

A gida, abin da za ki fi lura da shi shi ne hankalinsa. Rikicewar ƙwaƙwalwa ta ciwon hanta ba ta farawa da suma. Farkonta mutum ya rinƙa barci da rana yana farke da dare, ya maimaita tambaya, ya yi fushin da ba halinsa ba. Ki ce ya miƙe hannayensa gaba, ya ɗaga tafukan sama kamar mai tsayar da mota, ya riƙe haka. Idan kika ga tafukan na faɗuwa suna dawowa da kansu, kada ya sha maganin fitsari na ranar, ku tafi asibiti. Haka idan ya yi gudawa ko amai, ko fitsarinsa ya ragu ƙwarai, ko jiri na ɗibarsa in ya miƙe. Zazzaɓi ko ciwon ciki kuma na iya nufin ƙwayoyin cuta sun shiga ruwan. Ana tabbatarwa da ɗiban ruwan, idan wani nau'in fararen ƙwayoyin jini ya kai 250 a ma'auni sai a fara allurar kashe ƙwayoyin cuta tare da albumin a ranar. Aman jini ko baƙin bayan gida ba a kwana da su.

Ko akwai wanda ya fi ƙarfi

Ga kusan tara cikin goma na marasa lafiya, waɗannan magungunan biyu da rage gishiri sun isa. Idan cikin ya yi tam har numfashi ko cin abinci na wahala, ba a jiran ƙwaya, zuƙe ruwan ake yi da allura. Mutane na tsoron wannan, ana cewa in an fara ba a dainawa, ko kuma shi ke sa ruwan dawowa. Ciwon ne ke dawo da ruwan. Abin da ke da muhimmanci shi ne idan za a cire fiye da lita 5, a ƙara wa mutum albumin ta jijiya, giram 6 zuwa 8 kan kowace lita, don kada jini ya faɗi ƙoda ta sha wahala. Bayan an zuƙe kuma a ci gaba da ƙwayoyin.

Sauran ɗaya cikin goman su ne waɗanda ruwan ya gagara: ko an kai 400 da 160 babu sauyi, ko kuma duk lokacin da aka ƙara magani sai ƙoda ko sodiyam ko hankali ya taɓu. A nan ƙara ƙwaya ba shi da amfani, sau da yawa ma dakatar da ita ake yi. Abin da ya rage shi ne zuƙewa lokaci zuwa lokaci, ko aikin TIPS, inda ake sa ɗan bututu a cikin hanta ya buɗe wa jinin da ya danne hanya, ko dashen hanta. TIPS na rage ruwan sosai amma yana ƙara haɗarin rikicewar ƙwaƙwalwa, kuma bai dace da wanda hantarsa ta yi rauni ƙwarai ko mai ciwon zuciya ba.

An gwada wasu magungunan. Midodrine, miligiram 7.5 sau uku a rana, yana ɗaga hawan jini kaɗan, yakan taimaka wa wanda awon hawan jininsa ke ƙasa, amma hujjarsa ba ta da yawa. Tolvaptan yana fitar da ruwa zalla ya gyara sodiyam, Japan na amfani da shi da ƙaramin awo, sai dai a 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada a ba masu ciwon hanta saboda yana iya cutar da ita. Ƙarin albumin duk mako shi ne ya fi jan hankali: wani babban bincike na Italiya da aka wallafa a 2018 ya nuna waɗanda aka ba giram 40 kowane mako sun fi rayuwa a wata 18, kashi 77 cikin ɗari a kan 66. Wani binciken na Sifen a shekarar, da ya ba da albumin ƙasa da haka, bai ga bambanci ba. A ganina abu ne da za a iya tattaunawa ga wanda ruwan ke yawan dawowa, bai zama na kowa ba. Idan kuma Baba na shan propranolol ko carvedilol don kare jijiyoyin maƙogwaro daga fashewa, ya ci gaba, amma a rinƙa auna hawan jininsa, in lambar sama ta yi ƙasa da 90 likita zai rage ko ya dakatar.

Duk awon da na ambata na ƙa'ida ne. Ban ga Baba ba, ban ga gwajinsa ba, kuma mutum biyu masu ciki iri ɗaya na iya bukatar awo daban saboda ƙodarsu da hawan jininsu. Wanda ke duba shi ne zai yanke.

Akwai abu ɗaya da ban gani a wasiƙarki ba, shi ne ya fi damuna. Kin ce ciwon hanta nau'in B ne sanadi, amma ba ki ambaci maganin ƙwayar cutar ba. Duk wanda hantarsa ta kai ga tara ruwa kuma ana samun ƙwayar B a jininsa, ya kamata ya kasance a kan tenofovir ko entecavir, komai ƙanƙantar adadinta, a zaɓa masa gwargwadon lafiyar ƙodarsa. Maganin fitsari ruwan kawai yake ragewa, wannan kuwa shi ke tsayar da abin da ke cin hantar. Na ga waɗanda bayan watanni a kansa albumin ɗinsu ya tashi, ruwan ya daina dawowa, har aka rage musu maganin fitsari ko aka cire. Ba kowa ke samun haka ba, amma dama ce da bai kamata ta wuce Baba ba. Idan an fara, ba a dainawa ko na 'yan kwanaki, domin ƙwayar na iya tasowa da ƙarfi ta kayar da hantar gaba ɗaya. Ki tambayi likitansa wannan a zuwanku na gaba, ki tafi da takardar nauyinsa da duk magungunan da yake sha a cikin kwalayensu, ki kuma nemi a sa shi a tsarin hoton hanta duk wata shida saboda ciwon daji. Ke da 'yan'uwanki da mahaifiyarku ku ma ku yi gwajin nau'in B, wanda ba shi da ita ya karɓi rigakafi.